Man shafawa mai "stem cell": me ke cikin kwalbar da ake tallatawa a TikTok?

Duk wanda ya tsaya kallon bidiyon gyaran fata sau biyu a TikTok ko Instagram, daga ranar manhajar ta gano shi. Cikin tallan da za ta riƙa jero masa akwai na wata 'yar kwalba da aka rubuta "stem cell" a jikinta, wai tana goge tamoji da tabon ƙuraje. Farashin kuwa ba a magana.

"Stem cell" ita ce uwar ƙwayoyin halitta: tana haifar irinta, tana kuma rikiɗewa ta zama ƙwayar fata, ta jini ko ta ƙashi. Sai dai babu rayayyiyarta ko ɗaya a cikin man shafawa. Ko a ɗakin gwaji sai an ajiye ta a ɗumin jikin mutum, ma'auni 37, ana ciyar da ita, balle a kwalbar da ta yi makonni a hanya sannan ta zauna a shago cikin zafin bazara.

Abin da ake zubawa shi ne ruwan da aka rene ta a ciki. Ana kwashe ƙwayoyin, a tace ruwan, a tattara sinadaran furotin da suka fitar, kamar romo bayan an tsame nama. Calecim, na wani kamfani a Singafo, yana samo nasa ƙwayoyin daga cibiyar jan barewa da ake kiwo a New Zealand. Dalilin komawa ga dabbobi a fili yake: Tarayyar Turai ta haramta sanya duk abin da aka ciro daga jikin ɗan Adam a kayan kwalliya.

To, yana aiki? Sinadaran ba ƙarya ba ne. Ɗaya daga cikinsu, EGF, wanda ke umartar ƙwayoyin fata su hayayyafa, shi ya kai Stanley Cohen ga lambar Nobel a 1986. Matsalar ita ce shiga. An halicci fata ne don ta tare abin da ke waje, kuma masana sun daɗe da lura cewa abin da nauyinsa ya haura dalton 500 da ƙyar yake ratsa lafiyayyar fata. EGF ya kai kusan 6,000. Yawancinsa a sama yake tsayawa, sheƙin da ake nunawa a bidiyo kuma man da ke riƙe laima ma zai iya bayar da shi, ga hasken kyamara da tacewar manhaja.

Shi ya sa wasu wuraren gyaran jiki ke fara huda fatar da ƙananan allurai kafin su shafa. Nan ne haɗarin yake, domin abin da aka yi don shafawa ya koma shiga jiki. A Disamban 2019 hukumar FDA ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan wasu mutane a jihar Nebraska sun yi rashin lafiya mai tsanani sakamakon jinya da "exosome", wato 'yan ƙunshin saƙo da ƙwayoyin ke fitarwa, ta kuma ce ba ta amince da ko ɗaya daga irin waɗannan kayan ba.

Akwai kuma tambayar da masu talla ba sa so: wace dabba ce? Mayukan mabiyiya na Ostireliya da New Zealand yawanci na tunkiya ne, amma na Japan galibi daga alade ko doki ake samo su, kuma sau da yawa "placenta extract" kawai za ku gani a jiki. Kafin ku tura kuɗi, ku sa mai sayarwa ta ɗauko muku hoton bayan kwalbar, ku fassara rubutun Japananci ko Koriyanci da Google Lens. A Najeriya ku duba lambar NAFDAC. Idan ta ƙi turo hoton, ku bar mata kayanta.