Ciwon Damuwa Tsakanin Ƙwaya da Zantawa: Nazari kan Sauyin Hanyar Jinya

Ciwon damuwa, a ma'anar da likitocin ƙwaƙwalwa ke nufi, ya sha bamban da ɓacin ran da kan samu kowa idan an yi masa rasuwa ko ya tafka asara, domin shi hali ne da ke danne mutum mafi yawan yini, kusan kullum, har tsawon mako biyu ko fiye, ya raba shi da jin daɗin abin da yake so a da, ya dagula masa barci da cin abinci, ya cika masa zuciya da ganin laifin kansa, wani lokaci har ya kai shi ga tunanin cewa mutuwa ta fiye masa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi da kimanin mutum miliyan 280, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu. Cikin shekaru arba'in da suka shige, hanyar jinyarsa ta sauya sau biyu: da farko ta karkata ga ƙwayar magani, daga baya ta dawo tana haɗa ƙwayar da zantawa da gyaran rayuwar yau da kullum, tana kuma sauka daga hannun ƙwararren likita zuwa hannun ƙananan ma'aikatan lafiya. Sai dai abin da ya kawo sauyin a ƙasashe masu arziki daban yake da abin da ya kawo shi a ƙasashe matalauta, kuma wanda ya kasa bambance su zai ɗauki darasin da ba nasa ba.

Magungunan damuwa sun samu tun ƙarshen shekarun 1950, kuma wasu daga cikin na wancan zamani, irin su amitiriftilin, har yau suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma suna busar da baki, suna sa magagi, kuma shan su fiye da kima na iya taɓa zuciya ya yi kisa. Babban sauyi ya zo a 1987, lokacin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Prozac, wanda ya fi shahara cikin sabon rukunin magungunan da ke ƙara yawan sirotonin, wato ɗaya daga cikin sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su a tsakaninsu. Da yake haɗarin waɗannan bai kai na tsofaffin ba, sai likitan unguwa ya samu ƙarfin gwiwar rubuta su ba tare da tura majinyaci wurin ƙwararre ba, kamfanoni kuma suka tallata su da bayani mai sauƙin shiga kai, cewa ciwon ƙarancin sinadari ne kawai da ƙwaya za ta cike. Bayanin ya yi amfani ta fuska guda, domin ya rage kunyar da ke hana mutane neman taimako, amma ya wuce abin da bincike ya tabbatar, kuma wani nazari da Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka wallafa a 2022 bai samu hujja tabbatacciya ba cewa ƙarancin sirotonin ne ke haddasa ciwon. A Ingila, yawan takardun maganin damuwa da aka rubuta ya tashi daga kimanin miliyan 36 a 2008 zuwa kusan miliyan 71 a 2018, kuma wani ɓangare mai yawa na ƙarin ya samo asali ne daga daɗewar mutane a kan maganin shekara da shekaru.

Raunin wancan bayani bai soke amfanin maganin ba, kuma nan ne masu karanta labarin sama-sama ke kuskure. A 2018 mujallar Lancet ta buga nazarin da Andrea Cipriani ya jagoranta, wanda ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan mutum fiye da 116,000, ya kuma nuna cewa duk magunguna 21 da aka duba sun fi ƙwayar gwaji, wato wadda babu sinadarin magani a cikinta, ko da yake fifikon matsakaici ne. Maganin kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, ana kuma so a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan warkewa don kada ciwon ya dawo, sannan a wani babban gwaji na Amurka kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya warke sarai da maganin farko da aka ba shi. Illolinsa ma sun fito fili da tafiya ta yi nisa: raunin sha'awa tsakanin ma'aurata, da gargaɗin da Amurka ta sa a jikin kwalin tun 2004 cewa yana iya ƙara tunanin kashe kai ga yara da matasa a makonnin farko, da kuma jiri da rashin barci da fargabar da kan biyo bayan daina sha farat ɗaya, abin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta amince a 2019 cewa yana iya tsananta ya kuma daɗe. Ingila kuwa ta juya akala, ta faɗaɗa jinya ta zantawa tun daga 2008, har a 2022 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a ƙasar ta ce kada ƙwaya ta zama abin da ake fara bai wa mai ciwo mara tsanani, sai in shi ya zaɓa.

Jinya ta zantawa ta wuce nasiha ko ban haƙuri, domin zama ne mai tsari da adadi, wanda a cikinsa ake koya wa majinyaci gane tunanin da ke ƙara nutsar da shi, kamar yadda Aaron Beck ya tsara a shekarun 1960, ko a taimaka masa ya rarraba matsalolinsa ya fuskance su ɗaya bayan ɗaya, ko a mayar da shi sannu a hankali ga ayyukan da ya yi watsi da su. A ƙasashe matalauta, inda fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun kowace irin jinya, rashin likitoci ne ya tilasta a gwada ko wanda bai yi dogon karatu ba zai iya wannan aiki. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, al'ummar Musulmi manoma da ke da kama da ƙasar Hausa ta fuskoki da dama, Atif Rahman ya horar da mata ma'aikatan lafiya masu shiga gida-gida su zanta da masu juna biyu da ke fama da ciwon, kuma sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa bayan wata shida da haihuwa kashi 23 ne suka rage da ciwon, alhali a rukunin da ba a yi wa haka ba kashi 53 ne. A Harare ta Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna da majinyata a kan benci a harabar asibitin unguwa, zama shida, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya samu alamun ciwon ga kimanin kashi 14 na waɗanda suka zauna da su, da kusan kashi 50 na waɗanda ba su zauna ba. A 2008 ɗin ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikatan asibitin matakin farko gane ciwon da fara jinyarsa.

Nijeriya na da tsohuwar hujja a wannan fage, tun da a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta maimakon kulle su. Amma a yau likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba ga jama'ar da ta haura miliyan 200, kuma manyan asibitocin fannin a Arewa, irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri da Dawanau a Kano, sun yi wa mafi yawan mutanen karkara nisa, ga kuma tambarin hauka da ake maƙala wa duk wanda aka gani a ƙofarsu. Mai ciwon damuwa a nan ba kasafai yake cewa ransa a ɓace yake ba. Ya fi kokawa da ciwon kai da kasala da faɗuwar gaba da zafin jiki da rashin barci, sai a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod, ko ya koma kemis ya sayi ƙwayar barci ko tiramadol, ko iyali su danganta abin da sammu ko iska. Gwajin da Oye Gureje ya jagoranta a asibitocin matakin farko na Ibadan, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na majinyata sun warke cikin shekara guda a hannun ƙananan ma'aikatan da aka horar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta buɗe ƙofar yaɗa irin wannan aiki, amma horarwa da sa ido da ajiye magani a asibitin ƙauye kuɗi suke buƙata, kuma sama da kashi 70 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun majinyata yake fita.

Kula da kai shi ne ɓangaren da ya fi yaɗuwa a bakin jama'a, saboda ba ya cin kuɗi kuma ba ya jawo surutu. Yana da tushe a bincike: nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 218, wanda mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2024, ya samu cewa tafiya a ƙasa da sassarfa da motsa jiki mai ƙarfafa tsoka suna rage alamun ciwon. Kwanciya da tashi a kan lokaci, fita cikin hasken rana, nisantar ƙwaya da barasa, da riƙe zumunci da sallar jam'i da majalisar abokai duk suna taimakawa, musamman ta hanyar karya kaɗaicin da ciwon ke ƙaruwa da shi. Haɗarin da ke ciki babba ne, domin ciwon da kansa yana cinye kuzarin da ake buƙata don yin waɗannan abubuwa, saboda haka idan aka ce wa matar da ta kasa tashi daga shimfiɗa bayan haihuwa ta daure ta yi tawakkali, aka tsaya nan, to an ƙara mata jin cewa imaninta ne ya yi rauni. Addu'a da ruƙiya ba sa karo da zuwa asibiti, kuma malamin da ya san alamun ciwon har ya tura mai shi wurin ma'aikacin lafiya ya fi kowa damar ceton rai, tun da wurinsa ake fara zuwa.

Gargaɗin yawan shan ƙwaya da ke fitowa daga Ingila gaskiya ne a inda aka yi shi, amma ɗauko shi ɗungurungum zuwa ƙasar da mai ciwo mai tsanani ba ya samun ko amitiriftilin a kan kari zalunci ne ga majinyaci, haka ma hukumar da za ta fake da wa'azin kula da kai ta bar asibitin ƙauye babu mai horo. Ciwo mara tsanani kan lafa da zantawa da gyaran rayuwa, mai tsanani kuwa ya fi samun sauƙi idan aka haɗa ƙwaya da zantawa, wanda kuma ya fara maganar kashe kansa a kai shi asibiti a ranar. Nauyin da ke kan gwamnatocin jihohi shi ne su horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su kuma ajiye maganin a inda talaka zai same shi, domin Rawalpindi da Harare da Ibadan sun riga sun nuna cewa aikin yana yiwuwa da irin ma'aikatan da ake da su.