Yadda Asma ke Tashi a Lokacin Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe Maiduguri. Masu asma da yara masu ƙaiƙayin ido sun san wannan lokaci sarai. Sai dai ƙurar tsokana kawai take yi, garkuwar jiki ce ke aika-aikar.

Da farko ƙura, tare da ƙwayoyin funfuna da garin furanni da ta ɗauko, takan kurje fatar da ta shimfiɗe hanyoyin iska. Fatar sai ta saki wasu ƙananan sinadarai da ake kira saitokayin. Su ne 'yan aiken jiki, kowanne da inda ake tura shi.

Saƙon farko yakan tashi wasu fararen ƙwayoyin jini da likitoci ke kira Th2, su kuma su tura nasu saitokayin, irin su IL-4, IL-5 da IL-13. IL-4 yakan sa a ƙera IgE, wani sinadarin kariya da aka gano a 1966, wanda ke manne wa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast ya zauna jira. Ranar da mutum ya sake shaƙar abin da ya tsokane shi, cikin 'yan mintoci ƙwayoyin mast za su zubar da wani sinadari mai suna histamin. Ga atishawa, ga hawaye, ga ƙirji ya ɗaure.

IL-5 kuwa har cikin ɓargo yake zuwa, ya sa a ƙara yawan wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, ya kuma tsawaita ransu. Waɗannan ƙwayoyi asalin aikinsu yaƙi da tsutsotsi ne, irin na tsargiya da mutanen bakin Tafkin Chadi suka daɗe suna fama da ita. To, a huhun mai asma babu tsutsa, don haka dafin nasu kan fatar huhun yake ƙarewa. Isowarsu takan ɗauki sa'o'i, shi ya sa wanda ya samu sauƙi da rana zai iya kwana yana tari. IL-13 shi ke ƙara majina.

A wajen magani ne mutane da yawa ke kuskure. Maganin Ventolin buɗe hanyar iska kawai yake yi, ba ya taɓa saƙonnin. Maganin shaƙa mai sitiroyid ne ke rage su, kuma sai an juri shaƙarsa kullum, har a ranakun lafiya. Wanda tarin dare ya saba dawo masa duk shekara, ya ga likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko asibiti mafi kusa tun a watan Oktoba.