Keke da Teburin Mai Shayi a Ƙasar Ngaski

A ƙasar Holan, inda ƙasa take a shimfiɗe kamar faifai, kuma kekuna suka fi mutane yawa, akan hau keke har domin nishaɗi. Mutum yakan bi ƙauyuka sannu a hankali, in ya gaji ya raɓa wani ɗan gidan shan gahawa ya huta. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa akwai makamancin haka a ƙasar Ngaski, sai dai a nan bukata ce ke ɗora mutum bisa keke.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci gungaye da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yawuri, aka sake wa jama'a matsuguni a gaɓar tafkin. Keke ya zama abin kai bandar kifi da hatsi kasuwannin Wara da Yelwa. Mai keke kuwa tilas ya yada zango, zangonsa kuma shi ne teburin mai shayi. A nan ne Bakambare da Bagunge da Basarke kan zauna bisa benci ɗaya, suna tattauna farashi da labarin ruwa da Hausa, kowa da karin harshensa.

Yau babur ya rage wa keke daraja, mai babur kuwa ba ya daɗewa a zango. Saboda haka ya kamata ɗaliban wannan sashe su hanzarta nazarin wannan Hausa ta bakin tebur, tun masu yin ta ba su watse ba.