Asaia: Ƙwayar da ke zaune a cikin sauro, wadda masana ke son mayar da ita makamin yaƙi da maleriya

Akwai wani dangi na bakteriya da aikinsa shi ne mayar da barasa ta koma tsami, kuma da shi ake yin ruwan khal. A cikin wannan dangi akwai wani reshe mai suna Asaia, wanda ya fita zakka: da ƙyar yake iya wannan aikin, ya fi son wurin da sukari ya yi yawa, kamar ruwan zaƙin furanni.

A shekarar 2000 aka fara bayyana shi, bayan an samo shi daga furanni a Indunusiya, aka raɗa masa sunan masanin Japan Toshinobu Asai. Sai a 2007 labarinsa ya sauya, lokacin da Guido Favia da abokan aikinsa a Italiya suka nuna cewa Asaia na zaune daram a jikin sauron Anopheles stephensi. Sauro dai ba jini kaɗai yake sha ba, yana shan ruwan fure.

Inda ƙwayar ke zama shi ne abin lura: hanjin sauro da gurbin yawunsa, wato wuraren da ƙwayar maleriya ke bi kafin ta shiga jikin mutum. Tana kuma cikin gaɓoɓin haihuwarsa, don haka uwa na gadar da ita ga 'ya'yanta, namiji na ba mace yayin barbara. A 2018 masu bincike a Jami'ar Duquesne ta Amurka suka sauya halittar Asaia ta riƙa fitar da wani sinadari na dafin kunama idan sauro ya sha jini, kuma ƙwayar maleriya ta ragu a hanjinsa. A ɗakin gwaji aka yi wannan.

Batun ya shafi Najeriya kai tsaye. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a nan suke, kuma a 2020 an gano wannan sauro na stephensi, ɗan asalin Asiya, a Jihar Gombe.

Sai dai akwai abin dubawa. An taɓa samun Asaia ta harbi marasa lafiya masu raunin garkuwar jiki, kuma yaɗuwar da ta sa ake sha'awarta ita ce ke nufin idan aka sake ta, babu mai iya kwaso ta. Izinin sakin irin wannan halitta a Najeriya yana hannun hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta kafa.