Dutse mai "haihuwa" a Fotugal da ƙaramar hukumar da ta tsaya masa

A ƙauyen Castanheira da ke kan tsaunin Freita, a arewacin Fotugal, akwai wani falalen dutse da mutanen wurin ke cewa yana haihuwa. A jikinsa akwai baƙaƙen ƙananan duwatsu masu siffar waina. Zafi da sanyi suna sa dutsen ya buɗe ya kuma tsuke, har waɗannan "'ya'ya" su ɓalle su faɗo, su bar gurbinsu. Irin wannan dutse ba kasafai ake samunsa a duniya ba.

Matsalar ta faro ne daga camfi. An daɗe ana cewa macen da ta sa ɗaya a ƙarƙashin matashinta za ta samu haihuwa. Baƙi suka riƙa tsinta suna tafiya da su, ga shi kuma abin da ya ɗauki miliyoyin shekaru kafin ya samu ba ya dawowa.

A nan ne ƙaramar hukumar Arouca ta shigo. Ta haɗa kai da masana da 'yan kasuwar yankin, aka kafa ƙungiyar kula da wurin a 2008. A 2009 aka saka ɗaukacin yankin, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 328, cikin jerin wuraren tarihin duwatsu na duniya da ake kira Jiyofak. An ware wurare 41 da ake kiyayewa. A 2012 aka buɗe wani gida na musamman a ƙauyen, inda 'yan makaranta da baƙi ke koyon yadda dutsen ke "haihuwa". An kuma hana ɗaukar ko da guda ɗaya.

Hukumar ta gane cewa doka kaɗai ba ta isa ba, sai jama'a sun ga amfanin abin a aljihunsu. A 2015 ta buɗe hanyar katako mai tsawon kusan kilomita 8 a gefen kogin Paiva, sannan a 2021 ta ƙara da gadar masu tafiya a ƙafa mai tsawon mita 516. Shiga sai da tikiti, kuma akwai adadin mutanen da ba a wucewa a rana, don kada turmutsutsu ya lalata wurin. Masu abinci, masu masauki da masu sana'ar hannu suna samun ciniki.

Aikin ba ya ƙarewa. Hukumar UNESCO tana aiko masu duba wurin duk bayan shekara 4. In ta ga sakaci, sai ta ba da wa'adin shekara 2 a gyara, in an gaza ta janye sunan.

Uwargida, akwai wani dutse ko kogo mai tarihi a yankinku? Wa ke kula da shi, kuma yaranki sun taɓa zuwa? Faɗa mana a ƙasa.