Filin Kurket: Aikin Yumɓu, Yashi da Ruwa

Wanda bai san kurket ba, in aka kai shi filin Lord's da ke birnin Landan, babu shakka idonsa zai tafi kan tsohon ginin jan bulo na 1890 inda 'yan wasa ke sauya tufafi, ko kuwa ɗakin 'yan jarida na gorar ruwa da aka ɗora bisa ginshiƙai biyu a 1999, alhali kuwa ma'abota wasan, tun daga manyan alƙalansa har zuwa dattawanmu da suka koye shi a Kwalejin Katsina zamanin Turawa, sun yi ittifaƙi a kan cewa asalin al'amarin yana ga wani ziri na ƙasa a tsakiyar fili, mai tsawon yadi 22 da faɗin ƙafa 10. A kan wannan ziri mai jifa yake buga ƙwallo kafin ta isa ga mai sanda, saboda haka duk halin da ƙasar ke ciki, tauri ko laushi, laima ko tsagewa, sai ya bayyana a tafiyar ƙwallon.

Sharaɗi na farko shi ne yumɓu. A Ingila ƙasar da ake shimfiɗawa takan ƙunshi yumɓu kimanin kashi uku cikin goma, domin in ya wuce haka ba za ta bushe ba a ƙasar da rana ke rowar fitowa. Amma a Ostareliya, inda zafi ya wadata, yumɓun yakan haura rabi, shi ya sa ƙwallo a birnin Perth take tashi har ƙirjin mai sanda. A Mumbai ta Indiya kuwa jar ƙasa suke amfani da ita, wadda in an kwana biyu ana wasa sai ta fara marmashewa, ƙwallo ta riƙa murɗewa. Mai kula da fili yakan fara shirinsa tun saura kwana goma ko mako biyu: ya shayar da zirin har ruwa ya ratsa ciki, ya jira saman ya sha iska, sa'an nan ya bi shi da rola mai nauyi a hankali, kullum yana rage tsawon ciyawa, yana danna babban yatsa ko bakin makulli cikin ƙasar don ya ji inda laima ta tsaya. Aikin dai ɗan'uwan daɓe ne: in aka buga da laima da yawa ya caɓe, in aka bari ya bushe ƙwarai bugun ya zama banza.

To, a nan ne hikimar mutanen Lord's ta fito. Tun da Thomas Lord ya kafa filin a wurin da yake yanzu cikin 1814, akwai gangare na mita biyu da rabi daga wannan gefe zuwa wancan, wanda da yau ne wani injiniya ya zana shi, da an ce bai san aikinsa ba. Sau da yawa an kawo shawarar a baje shi, amma ƙungiyar MCC mai filin ba ta yarda ba, dalili kuwa baje shi na nufin tayar da ziraran tsakiya duka da sake daidaita rumfunan 'yan kallo, a yi shekaru ba a yi babban wasa ba. Har ma aibin ya rikiɗe ya zama fanni na ilmi, gama mai jifa daga ɓangaren tsohon ginin gangaren yakan karkato masa ƙwallo zuwa jikin mai sanda na dama, mai jifa daga ɗaya ɓangaren kuma ta kauce waje. Da wannan Glenn McGrath na Ostareliya ya fitar da mutum 8 na Ingila a kan maki 38 kacal a 1997.

Abin da suka gyara shi ne wanda ido ba ya gani. Da can sauran filin laka ce mai riƙe ruwa, ruwan sa'a guda ya ci wasan yini. A ƙarshen 2002 aka kwashe lakar, aka binne bututai, aka zuba tsakuwa da yashi, aka dasa sabuwar ciyawa. Hujjar aikin ta zo a watan Yuli na 2007, ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ana tsakar karawar Ingila da Indiya, fili ya zama tafki, amma kafin la'asar 'yan wasa sun koma fage. A ganina wannan ya fi sababbin rumfunan Compton da Edrich na 2021 daraja, ko da yake su ake ɗauka hoto.

Rana ma tana da nata hukuncin. Ƙa'ida ita ce ziri ya miƙe kudu da arewa, don kada mai sanda ya fuskanci rana tana faɗuwa. Filin Old Trafford na Manchester ya saɓa wa wannan fiye da shekara ɗari, har akan tsayar da wasa saboda hasken yamma, sai wajen 2010 aka juya ziraransa.

Wuraren horo kuwa, galibi layuka ne da aka kewaye da raga, wasu a waje, wasu a cikin zaure saboda hunturu, da injin da ke harbo ƙwallo. Amfaninsu yana ga kamanceceniyarsu da filin da za a je a yi wasa, shi ya sa makarantar hukumar kurket ta duniya, ICC, a Dubai ta shigo da ƙasa daga Ostareliya da Pakistan da Ingila, domin ɗan wasa ya ɗanɗani halin kowace nahiya bai bar gari ba.

Akwai kuma wata bidi'a da ta samo asali a 1977, lokacin da aka hana wani attajiri mai suna Kerry Packer filayen kurket na Ostareliya, ya koma filayen ƙwallon ƙafa: sai wani mai kula da fili, John Maley, ya raini ziraran cikin manyan kwalaye a wani wuri dabam, aka ɗauko su aka dasa. Yau haka ake yi a Melbourne da Adelaide, kuma dabarar ta karɓu, muddin an ba ƙasar lokacin da za ta zauna. A gasar duniya ta 2024 a New York ba a ba ta ba. An tayar da filin mutum 34,000 cikin 'yan watanni, an raini zirarai goma a Florida, an kawo su a manyan motoci saura makonni kaɗan a fara. Ƙwallo ta riƙa yin abin da ta ga dama, wata ta bi ƙasa, wata ta tashi ta sami mutum a damtse. Sri Lanka ta ƙare da maki 77, Ireland da 96, daga baya ICC da kanta ta yanke cewa ziraran waɗannan wasanni biyu ba su gamsar ba. Da aka gama wasa takwas ɗin da aka tsara, sai aka kwance rumfunan aka kwashe.