Mintuna Huɗu na Farko: Ceton Ran Wanda ke Tsare

Ƙwaƙwalwar ɗan'adam ba ta da rumbun ajiye iskar oksijin. Da zarar zuciya ta tsaya, mutum kan fita hayyacinsa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuma su soma mutuwa bayan minti 4 zuwa 6. To, mai karatu ya ƙaddara hakan ta faru da tsakar dare a ɗakin da aka garƙame, mabuɗi na hannun gandiroba, likita kuwa yana can cikin gari. Fursuna ba shi da ikon kai kansa asibiti. Don haka ransa ya rataya ga wanda ya fara leƙa shi.

Babbar matsalar ita ce rashin gane alamu. Mai ciwon sukari, idan sukarin jininsa ya faɗi, yakan yi gumi da tangaɗi da sambatu, sai a ɗauke shi bugagge, alhali ruwan sukari zai iya ceto shi muddin yana iya haɗiya. Wanda ya ɗirki kodin ko turamadol fiye da kima kuwa, numfashinsa kan yi ƙasa, ya riƙa wani irin munshari, a ce barci yake. Allurar nalokson na iya dawo da numfashin cikin 'yan mintuna. Haka nan kwantar da mutum rub-da-ciki, hannuwa ɗaure ta baya, ana danne masa gadon baya, yana iya hana ƙirji buɗewa har numfashi ya gagara.

Raunin kai ya fi duka yaudara, domin mutum na iya tashi ya yi magana yayin da jini ke taruwa a hankali cikin ƙoƙon kansa. A 1977, a Afirka ta Kudu, 'yan sanda suka ji wa Steve Biko rauni a ka. Likitoci sun duba shi, amma duk da haka aka jefa shi bayan mota daga Port Elizabeth zuwa Pretoria, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Ya rasu ran 12 ga Satumba. Likita ya zo, sai dai hukuncinsa ya bi son ran masu tsaro.

Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun wajabta a duba lafiyar fursuna da shigarsa, a kuma gaggauta masa magani in ta ɓaci. A ganina, abin da ya fi araha shi ne koya wa kowane gandiroba farfaɗo da zuciya: a kwantar da mutum rigingine a ƙasa mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har taimako ya iso. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, kada amai ya shaƙe shi, a kuma tsaya a kansa.